Buick Regal GS ko Benz C230 Kompressor, wacce yaron nan zai saya?

Shekaranjiya da daddare ɗan yayata da ke karatu a jihar Michigan ya turo min hotunan motoci biyu a WhatsApp, yace Kawu dan Allah zaɓa min ɗaya, kuɗin da na tara a aikin hutu ba zasu wuce tsohuwar mota ba kuma ni dai mai sufacaja nake so. Ta farko Benz ce C230 Kompressor ta 2004, ruwan azurfa, sai sheƙi take. Ta biyun Buick Regal GS ce ta 2001, ruwan ƙasa-ƙasa, irin motar da in ka ganta a bakin asibiti zaka ce wata tsohuwa ce ta kawo mijinta awon hawan jini. Na san yaron ya riga ya gama zaɓe a ransa, Benz ɗin yake so, albarkata kawai yake nema. Ni kuwa da idona ya sauka kan Buick ɗin sai da na ajiye kofin shayi, domin irinta na hau shekara huɗu lokacin da nake zaune a Columbus ta jihar Ohio, kuma har yau ban sake hawa motar da ta yaudare ni yaudara mai daɗi kamarta ba.

To bari in fara da abinda ya haɗa su, don mutanenmu da yawa in suka ga an rubuta Kompressor a bayan Benz sai su ɗauka maganar kwamfuresan AC ake, wai sanyinta yafi na sauran. Ba haka bane. Kalmar Jamusanci ce ta sufacaja, wato wani famfon iska da ake ɗorawa inji, bel ne ke juya shi kai tsaye daga injin, shi kuma yana cusa iska da ƙarfi cikin silinda, iska ta ƙaru sai a ƙara mai, wuta ta ƙaru sai ƙarfi ya ƙaru. Bambancinsa da turbo shine turbo hayaƙin salansa ne ke juya shi, sai inji ya ɗan tashi kafin ya farka, shi kuwa wannan tunda da bel yake tafiya kana taka totur yana amsawa, babu jira. Kuma abin dariya duka motocin biyu kamfani ɗaya ne ya ƙera musu famfon, wato Eaton na Amurka. Daga nan kuma hanya ta rabu.

Injin Buick ɗin shine wanda ake kira 3800, silinda shida, lita 3.8, baƙin ƙarfe ne zalla tun daga gangar jiki har kai, bawul goma sha biyu kacal, tsohon yayi ne na gaske domin asalinsa tun 1962 ne. Har sayar da shi GM, uwar kamfanin Buick, tayi wa masu ƙera Jeep a 1967, da tsadar mai ta taso ta koma ta sayo abinta a 1974, aka yi ta gyara shi ana ƙara masa har zuwa 2008 da aka daina ƙera shi a garin Flint na jihar Michigan, sama da miliyan 25 aka yi. Na cikin Regal GS, daga 1997 zuwa 2004, an ɗora masa famfon Eaton M90 a ka, yana bada ƙarfin doki 240, ƙarfin juyi kuma wajen Nm 380. Yanzu yaro zai ji 240 ya taɓe baki, amma ka tuna a 1997 ita kanta Ford Mustang GT mai silinda takwas da samarin Amurka ke fankama da ita doki 215 gareta. Camry mai V6 ta wancan lokacin, wadda a gida muke cewa fensir, bata kai 200 ba, Honda Accord V6 da muke kira bebi boi 200 ce cif. Wato motar da tsofaffi ke zuwa coci da ita tafi su duka a takarda, kuma a titi ma ba wasa, daga tsaye zuwa mil 60 a awa bata cika daƙiƙa 7 ba.

Ni ban san duk wannan ba ranar da na saye ta. Wajen wani dattijon bature na same ta wanda ido ya fara bashi matsala, motar fes, da kwalin tishu a bayan gilas, kujerun fata masu laushi kamar na falon alhaji, ni dai araha na gani da wajen zuba yara da kayan cefane. Kwana biyu ina lallaɓa ta cikin unguwa. Rana ta uku zan hau babban titin I-270 da ya zagaye gari, ga tirela ta taho ta baya bata da niyyar ragewa, sai na danna totur har ƙasa don tsoro. Wallahi sai naji wani kuka siriri ya taso daga bonet, wiiiii, kamar injin markaɗe daga nesa, gaban motar ya ɗaga, bayana ya manne da kujera, sitiyari ya ɗan fizge ni dama, kafin in ce innalillahi tirelar ta koma ƙarama a madubi. Maiɗakina da ke gefe tace Malam lafiya, me ka taɓa? Nace ban taɓa komai ba, ashe abinda tsohon nan ya ɓoye kenan. Tun daga ranar na lalace. Duk danjar da na tsaya naga yaro da ƙaramar mota mai salansar gwangwani yana ta ɓaɓatu sai in gyara hula, in yi fuskar limami, kore na kawowa in barshi yana neman giya ta biyu. Ba abin alfahari bane ga magidanci, na sani, har tara na taɓa biya sau ɗaya kuma laifina ne, amma daɗin yana wajen cewa babu wanda ke zato, motar ko alama bata nunawa banda ɗan rubutun da ke jikinta.

Yanzu Benz. Duk da an rubuta 230, injin C230 Kompressor na 2003 zuwa 2005 lita 1.8 ne kawai, silinda huɗu, sunansa M271, shine dai injin da ke cikin C180 da C200 Kompressor da suka cika Kano da Kaduna da Abuja, saiti ne ya bambanta. Na C230 yana bada doki 189 da juyi Nm 260. Inji ne na zamani in ka haɗa shi da na Buick, jikinsa alminiyam, bawul goma sha shida, yana da abin sanyaya iskar da famfon ya matso kafin ta shiga inji, abinda Buick bata da shi sam. Giyarta biyar ce in otomatik, akwai ma masu manuwal shida, ita kuwa Buick giya huɗu ce otomatik shikenan babu zaɓi. Amma in aka jera su a danja Buick ce zata fara isa, Benz ɗin sai ta kusan daƙiƙa 8 kafin ta taɓa mil 60, kuma ba wai lambar kaɗai ba, yanayin jan ne ya bambanta. A Benz sufacaja ya zo ne ya rufa wa ƙaramin inji asiri, ya sa lita 1.8 ta yi aikin da babban inji ke yi ba tare da shan mai ba. A Buick kuwa inji ne da dama ya ƙoshi aka ƙara masa tuwo. Shi yasa duk wanda ke neman wannan mamakin da nake faɗa, na mota ta tunkuɗe ka ba shiri, ba zai same shi a C230 ba, tafiyarta mai hankali ce, kukan famfon ma sai ka kasa kunne.

Amma fa titi ba miƙaƙƙe bane kullum, kuma anan dole in yi adalci. Kana shiga kwana Benz ta tashi Buick aiki. Tayoyin baya ne ke tura ta, na gaba aikinsu juyawa kawai, nauyinta a rabe yake daidai, sitiyarinta na gaya maka abinda taya ke ciki, birkinta na kamawa da gaske, a gudun babban titi tana zaune daram kamar an dasa ta. Buick kuwa tayoyin gaba ne ke ja kuma su ke juyawa, ga baƙin ƙarfen inji ya danne su, in ka shiga kwana da gudu sai ta kwanta gefe kamar kwalekwale ya ɗauko buhunan albasa, birkinta kuma bai kai ƙarfin injinta ba, wannan gaskiya ce da duk wanda ya hau ta ya sani. Cikinta ma roba ce mai araha ko ina, maɓallai manya-manya kamar na rediyon kaka, ƙofar Benz in ka rufe zaka ji tim, ta Buick sai dai kaji kwaram. Ta fuskar kariya in hatsari ya faru ma Benz ce gaba, tana da na'urar da ke hana mota zamewa da jakunkunan iska na gefe har da na labule, Buick kuwa tana da ABS mai hana birki kulle taya da na'urar hana taya sulɓi, amma bata da mai hana mota zamewa ko jakunkunan labule. Wannan ba ƙaramin abu bane ga yaron da uwarsa ke kira na kullum.

Sai dai a Michigan yake. Wata huɗu zuwa biyar dusar ƙanƙara ce a ƙasa, kuma duk wanda ya taɓa tuƙa mota mai jan baya a kan ƙanƙara da tayoyin bazara ya san yadda ɗuwawunta ke rawa, sai ka sayi tayoyin sanyi na musamman, ƙarin kuɗi kenan. Buick da nauyin injinta a kan tayoyin da ke ja haka take ratsawa ba ruwanta. Wajen fili ma ba a magana, bayan Buick manya uku zasu zauna su miƙe ƙafa, but ɗinta zai haɗiye akwatunan mai dawowa daga Najeriya da garinsa da kilishinsa, bayan C230 kuwa dogon mutum gwiwarsa a jikin kujerar gaba zata kwana.

Inda maganar take da nauyi shine gyara, domin mota mai shekara ashirin da ɗoriya ba saye ne tsadarta ba, riƙo ne. Kowacce da cutar da aka santa da ita. Ta Buick: gaskit ɗin da ke ƙarƙashin hanyar iska na roba ne, in ya tsufa ruwan lagireto na zubewa har ya gauraya da baƙin mai, akwai wasu ƴan bututun ruwa masu lanƙwasa su ma na roba da ke fashewa, ana canza su da na alminiyam a huta, akwai ɗan abin haɗi a hancin sufacaja da in ya cinye zaka ji ƙarar kamar tsakuwa a gwangwani in mota na tsaye, shi ma ba tsada, kuma famfon yana da nasa man daban ɗan kaɗan da mutane ke mantawa da shi shekara da shekaru, in ka buɗe warinsa sai ka toshe hanci. Giyabos ɗin shine raunin gaske, in an wahalar da shi ko an daɗe ba a canza mai ba yana fara buga giya da ƙarfi in yayi zafi. Sannan akwai maganar gobara wadda ba a wasa da ita, a 2008 GM ta yi kiran Regal GS da Grand Prix GTP na 1997 zuwa 2003 saboda baƙin mai na ɗiga daga murfin bawul kan bututun hayaƙi mai zafi ya kama wuta, har an ce wa mutane kar su ajiye a gareji kafin a gyara, a 2015 aka sake wani kiran. Duk mai saye dole ya sa lambar VIN, wato lambar shasin motar, a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran titi ta Amurka, ya ga ko an yi aikin. Amma ka duba jerin nan, banda giyabos duk abubuwa ne da yaro mai sifana da YouTube zai yi da kansa ranar Asabar, kayan kuma suna kowane shagon safaya, kuma duk filin da ake jibge matattun motoci a Michigan cike yake da injin 3800 tunda a jihar aka haife shi.

Ta Benz kuwa cutar a ciki take. Sarkar taimin ta M271 siririya ce mai layi ɗaya, tana miƙewa, haƙoran da take hawa a kan kamshaf suna cinyewa, alamar farko ƙara ce ta ƴan daƙiƙu in an tada mota da sanyin safiya, in aka yi biris ta tsallake haƙori sai bawul ya gamu da fistin, inji ya tafi. Akwai wasu maganaɗisu a gaban injin da ke yoyon mai, man ya bi cikin wayoyi a hankali har ya isa kwamfutar mota. Soket ɗin giyabos shi ma yana yoyo, farantin lantarkin da ke cikinsa na lalacewa mota ta maƙale a giya ɗaya, ga akwatunan lantarki da basa son danshi. Ba wai motar banza bace, wadda aka kula da ita tana kai wa nesa sosai, kuma giyabos ɗin kansa in ka cire waɗannan ƙananan abubuwa yafi na Buick ƙwari nesa. Matsalar ita ce a Amurka bakanike na ganin tauraro a bonet kuɗin awarsa ke canzawa, kuma abubuwa da dama sai an jona kwamfutar da ta san yaren Benz. Aikin sarka ɗaya zai iya cin rabin abinda aka sayi motar. Ɗalibi mai aikin hutu ba zai ɗauka ba.

Mai kuwa Benz ta ci, ƙaramin inji ne, a cikin gari tafi Buick sauƙi sosai, Buick wajen mil 18 take yi a galan cikin gari, in ƙafarka irin tawa ce ma bata kaiwa, amma a doguwar hanya tana bada mamaki don injin baya wahala. Dukansu mai tsada suke sha, mai lamba 91 ko sama, wato lambar ingancin fetur. Ni na taɓa yin wayo wata guda ina zuba mata mai lamba 87 don in rage kashe kuɗi, sai motar ta zama kamar mai azumi, kwamfuta ta ji inji na ƙwanƙwasa ta ja wuta baya, ƙarfin ya gudu, ban tsira da komai ba sai haushi. Kuma tunda bata da abin sanyaya iska, ranar zafi ƙarfinta na raguwa, ranar sanyi kuwa kamar an yi mata allura. Wannan ne ma yasa nake gargaɗin yaron kan masu canza fulin famfon, wato ɗan faifan da bel ke juyawa, na asali inci 3.8 ne, samari na sa ƙarami kamar 3.4 don famfon ya ƙara gudu, doki na ƙaruwa kam, amma in ba a gyara sauran abubuwa ba fistin ke tsagewa. Duk wadda aka taɓa wa fuli a barta da mai ita.

Wani zai ce to ina Pontiac Grand Prix GTP? Ai uwa ɗaya uba ɗaya suke da Regal GS, inji ɗaya giya ɗaya, ita dai an mata kwalliyar samari, faɗin jiki, jan fitilun dashbod, wasu har da gudun mota da ke haskowa a gilashin gaba, daga 2004 ma aka ƙara mata zuwa doki 260. Amma saboda kwalliyar nan samari ne suka saye ta suka yi ta tsere da ita, da wuya ka samu wadda ba a gasa ba, kuma Pontiac ɗin ma an rufe shi tun 2010. Buick kuwa tsofaffi ne suka saya, suna canza mai kan lokaci suna ajiye rasit a aljihun mota. Fuskar tsufan nan da yaron ke raina ita ce ta kare ta. In kuma Benz mai sufacaja ta gaske ake nema wadda ke tsinka wuya, ai E55 AMG ce ta 2003 zuwa 2006 mai doki 469, amma wannan ba maganar ɗalibi bace, ko ni Kawunsa sai dai kallo.

Da a ce a gida yake da amsar ta juye gaba ɗaya. A Kano ka shiga Ƙofar Ruwa ka ce injin Kompressor kake nema kafin ka rufe baki an nuna maka uku, bakaniken Benz ko wace unguwa akwai, wasu tun suna yara a kan waɗannan injina suka koyi aiki, kuɗin aiki kuma ba na Amurka bane. Ka je ka ce gaskit ɗin Buick 3800 kake so kuwa sai an tara maka mutane ana tambayar wace ƙasa ce ke yinta. Ga zafinmu da ba zai yi wa injin da bashi da abin sanyaya iska daɗi ba, ga gidajen manmu fetur iri ɗaya ne babu zaɓin lamba. Kuma kar mu yaudari kanmu, a gida tauraron nan na buɗe get ɗin da Buick zata tsaya ana mata tambayoyi. Duk wanda ke Najeriya ko Nijar yake wannan lissafi ya ɗauki Benz ɗinsa, ya canza sarka tun kafin ta yi magana, ya manta da labarina.

Shi dai da ke Michigan nace masa Buick, amma da sharaɗi, domin akwai abu ɗaya da ke kashe su duka biyun a can wanda ba inji ba ne, gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara. Tsatsa na cin ƙasan ƙofofin Buick da bututun birki da inda shakazoban baya ke zama, Benz ɗin wancan zamani ma ba ta tsira ba, bakin tayoyi da gindin ƙofa. Nace ranar Asabar ka je da sassafe, ka ce kar mai ita ya tada ta kafin ka iso, ka shimfiɗa kwali ka kwanta a ƙarƙashinta da tocila da sukudireba kana tsokana, in ƙarfe na ɓarɓashewa ka tashi ka kaɗe rigarka ka tafi komai kyan inji. Ka buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar madarar shayi ruwa ya shiga. Ka zaro sandar man giya ka shinshina, ja ake so ba mai ƙauri ba. Ka tuƙa ta minti talatin har tayi zafi sosai kaji yadda take shiga giya. In duk ta wuce, kuma Benz ɗin bata da takardar da ke nuna an taɓa canza mata sarka, to magana ta ƙare.

Yayi shiru can sai ya rubuto, amma Kawu abokaina fa zasu yi min dariya, motar kakanni ce. Nace bari su yi, ka ɗauki wanda ya fi surutu a cikinsu ka sa shi a gaba, ka nemi hanyar hawa babban titi inda babu kowa, ka taka sau ɗaya tak iya ƙa'idar gudu, kar ka gaya wa uwarka ni na ce. Sannan nace in ya je gwajin ya manna wayarsa kusa da dashbod ya ɗauko min kukan nan na famfon ya turo min, rabona da jinsa tun 2012.